Kusurwa ta Huɗu

Da ni aka bar wa zaɓi, da ban taɓa taka cocin nan ba. Keken guragu na Anti Chiyoko ne ya kai ni. Ita ke zaune, ni ke turawa, inda ta nuna da baki nan muke nufa. Aikina ke nan a gidanta: in yi mata wanka, in dafa mata shinkafa, in yanke mata farce, ran Lahadi kuma in tura ta har bencin gaba, in zauna a gefenta kamar jakar hannu.

Cocin katako ne, ɗan ƙarami, a bakin hanyar da motocin rake suke bi kafin a rufe kamfanin sukari. Gara ta gama da rabin matattakalarsa. Ko ranar da kowa ya zo ba za su cika benci uku ba, amma sai su warwatsu, wannan can, wancan can, kowa a bencin da kakarsa ta zauna, sai ka ce masu gaba da juna. Ƙaramar cikinsu ta yi jikoki. Waƙa kuwa ba a magana. Kawu Walter ya kusa kurmancewa, kullum yana gaban kowa da layi guda. Anti Consing tana can baya tana jan nata. Fada, wani dogon Bature da ya yi ritaya ya zo hutawa aka maƙala masa cocin, yana tsakiya yana neman wanda zai bi. A tsibirinmu, can Chuuk, in mata suka ɗaga murya a coci har kwanon rufi sai ya amsa. Waɗannan kuwa kamar awakin da ruwan sama ya doka.

Abin da na fi tsana shi ne lei ɗin baƙi, wato sarƙar furen da ake rataya wa baƙo a wuya. Anti Momi ce ke riƙe da kwandonsa. Wata ƙatuwar mace ce mai farin gashi da fure a kunne, ita ce shugabar komai a cocin, har da abin da ba a naɗa ta ba. Da zaren ulu suke saƙa shi, don furen gaske yana bushewa, su kuma ba kullum suke ganin baƙo ba. In an kusa tashi sai ta miƙe ta ce, "Yau muna da baƙi?" Kowa ya waiga, alhali sun san ba kowa. Sai idonta ya sauka a kaina.

"Ga yarinyar Chiyoko nan! Tashi mana, 'yar nan, mu gan ki."

In tashi, ta rataya mini zaren a wuya, ta sumbace ni a kumatu, su tafa. Na zaci sau ɗaya za a yi. Shekara ta juyo ana yi. Na cika aljihun tebur da su, ja, rawaya, shuɗi. Sunana Rosenta, amma a bakinsu ni 'yar nan ce.

Bayan sujada ana cin abinci a ɗakin baya, baƙo ne ke fara ɗiba. In na gama na ɗauki faranti zan wanke, sai Anti Consing ta fizge. "A'a, a'a, zauna, ke baƙuwa ce." Wannan Anti Consing ɗin, 'yar guntuwa mai bakin tsiya, da kunnena na ji ta a kicin tana cewa mutanen tsibiranmu sun cika asibiti, sun cika kanti, ga su da siket kamar an zubar da fenti. Da ta juyo ta gan ni sai ta washe haƙoran roba. "Ban da ke, 'yar nan. Ke daban ce."

Ni dama ba na cewa komai. Tun ina ƙarama in aka zuba mini ido sai magana ta maƙale mini a wuya. Amma cikina ba shiru yake ba, kuma Anti Chiyoko ta gano haka. A hanyar gida, in mun wuce bishiyar mangwaron Kawu Walter, sai ta karkato kai.

"Kin ga rigar Momi?"

"Na gani, Anti."

"Da me ta yi kama?"

Na ci gaba da tura keken.

"Faɗi mana. Ba mai jin ki sai kaji."

"Kamar an lulluɓe firji da labule."

Ta yi ta dariya har sai da na tsayar da keken na bubbuga mata baya. "Shegiya! Ashe akwai wuƙa a bakin nan." Daga ranar kullum sai mun yi. Wa'azin Fada, taliyar Anti Consing da ke manne wa cokali, gashin hancin Kawu Walter, ba wanda muka bari. Wata rana na ce mata, "To in haka suke, me ya sa muke zuwa, Anti?"

"Su waye za su binne ni? Ke? Tura, rana tana dukana."

Binnewar ma suna da nasu salon. Akwai wani babban farin mayafi a cocin, mai nauyi, da gicciye na zare ruwan zinariya daga wannan baki zuwa wancan. Duk wanda ya mutu, in akwatinsa ya iso ƙofa, sai a cire duk abin da ke kai, fure ne, hoto ne, tuta ce, a shimfiɗa mayafin nan. Wai don kowa ya shiga gaban Allah iri ɗaya. Mutanen da suka kasa zama a benci ɗaya suna da rai. Ana tura kowa ciki ya zauna, a rufe ƙofa, mutum huɗu kaɗai su rage a ɗan zauren shiga tare da gawa, kowa da kusurwar da yake riƙewa: Anti Momi, Anti Consing, Kawu Walter da Anti Chiyoko. Ko da ƙafafunta suka mutu ba ta saki tata ba. Ranar jana'izar wani tsoho, Kawu Abel, na tura ta har zauren, Anti Momi ta karɓi keken ta ce, "Je ki zauna, 'yar nan," ta rufe ƙofa a fuskata.

Wata rana ina shanya a bayan gida, Anti Chiyoko ta hango siket ɗina a kan igiya. Mahaifiyata ce ta ɗinka shi kafin in taho, baƙi ne, da manyan furanni na aikin zare, ja da kore da ruwan lemo. Ban taɓa sa shi a garin nan ba. Na ga irin kallon da ake yi wa masu sa shi. Fito da shi kawai nake yi ya sha iska.

"Wancan na waye? Zai makantar da ni."

"Nawa ne, Anti."

"Ban taɓa ganinsa a jikinki ba."

Sai na gaya mata. A gidanmu in mace ta rasu, wadda ta yi jinyarta ta wanke ta, ita ke shimfiɗa tufarta mafi kyau a kan akwatin, a binne da ita. In aka ga akwati ba tufa, kowa ya san marigayiyar ba ta da kowa. Saboda mahaifiyata na ajiye shi. Amma ta rasu ina nan, ban samu zuwa ba, wata ce ta shimfiɗa nata.

Anti Chiyoko ta sake kallon igiyar. Can ta ce, "To ni wa zai sa mini? Glenn?" Glenn ɗanta ne tilo, yana can babban birni, Honolulu, yakan kira ta ran Kirsimeti. "Shi fure zai sayo, irin na ƙofar otal. Ki sa mini wancan."

"Kin ce zai makantar da ke."

"Mummuna ne, amma ai ba ni zan gani ba."

"Cocinku ba sa yarda a sa komai, Anti."

"Wannan ke ta shafa. Ni lokacin na mutu. Ce kin yi alkawari."

Na ce na yi.

Ta rasu wata safiya, bayan ta sha shayinta ta ce ya yi sanyi. Ni na rufe mata ido, na wanke mata fuska, na taje mata kai kafin masu shirya gawa su zo.

Glenn ya iso da matarsa, yana ƙamshin turare, yana kira na Rosa. Tun ranar farko ya fara auna ɗakuna da ido. Ni ma ban yi niyyar daɗewa ba. 'Yar uwata Sinfo da ke Oregon ta ce in taho, akwai aiki a kamfanin kaji, akwai cocinmu, akwai masu jin harshenmu. Na riga na ɗaure kayana. Da an binne tsohuwar zan tafi, in bar musu zarensu a aljihun tebur. Alkawarin nan kaɗai ya rage mini.

Na samu Glenn a kicin yana zubar da kayan firjin uwarsa. Na daɗe tsaye kafin ya lura da ni. Na miƙa masa siket ɗin, na yi ƙoƙari na haɗa maganar, rabi ta fita rabi ta tsaya. Ya ɗaga shi da yatsu biyu.

"Kai, yana da kyau. Da hannu aka yi? Amma kin gane, Rosa, mahaifiyata ba irin wannan take so ba. Mace ce mai son abu a natse."

Mace mai son abu a natse. Wadda ke zagin mai karanta labarai a talabijin da baki cike da shinkafa.

"Na riga na shirya fure daga Honolulu," ya ce. "Ke ki sa shi ranar, zai yi miki kyau." Ya mayar mini, ya goge hannu a wando.

Shi ke nan. A waje ikon Glenn ne, a cikin coci ikon Anti Momi ne. Ni kuwa ko kicin ɗin cocin ba a bari in shiga.

Ranar jana'iza an kwana ana ruwa, ya ɗauke da safe. Karon farko da na ga cocin ya cika. Dangi daga Honolulu, tsofaffin ma'aikatan rake, mutanen da ban taɓa gani sun leƙo ta tana da rai ba. Anti Momi tana bakin ƙofa tana rabon lei kamar ranar biki, ta rataya mini nawa ba tare da ta kalle ni ba, kwandon ya ƙare kafin a kai kan matar Glenn. Na tsaya a gefe da siket ɗina a cikin ledar kanti, na matse shi a ƙirji.

Mota ta kawo akwatin. A kansa akwai fure fari mai girman ƙofa, da ƙyalle an rubuta sunan Glenn da manyan baƙaƙe. Da aka hau da shi matattakala, Anti Momi ta tare hanya da jikinta.

"Cire shi, Glenn."

"Anti Momi, jirgi fa ya kawo shi."

"To ya jira a waje, ya huta gajiyar hanya."

"Mahaifiyata ce fa!"

"Na san ta kafin ka san ta. Kai da na share wa majina a bencin can? Ko gwamna ne a akwatin nan, mayafi ɗaya ne. Cire."

Glenn ya juya wajen Fada. Fada ya duƙufa a kan littafin addu'arsa kamar an rubuta masa sabon abu a ciki. Aka sauke furen, aka jingine shi da bango kusa da famfo. Wuyan Glenn ya yi ja har kunne.

In ɗan cikinta ma an yi masa haka a gaban jama'a, ni mai yanke farce fa?

Anti Momi ta tafa hannu. "Kowa ciki! Kowa ya samu wuri!" Mutane suka dunguma. Ni ban shiga ba. Ba wai na shirya wani abu ba ne, ƙafafuna ne suka ƙi. Na raɓe a bayan ƙofar waje, inda ake jingine tsintsiya da lema. Ba wanda ya gan ni. Dama ba a ganina sai an zo rabon zare. Aka rufe ƙofar ciki, aka turo ta waje, zauren ya yi tsit. Daga ni sai tsofaffi uku da akwati.

Na zaci mayafin za su ɗauko. Sai na ga Kawu Walter ya sa hannu a aljihu ya ciro tsohuwar karta ɗaure da roba, irin wadda suke bugawa da Anti Chiyoko a barandarta. Ya ajiye a kan akwatin.

"Je ki cuci mala'iku kuma," ya ce, da wannan muryar tasa da bai san ƙarfinta ba.

"Shh!" Anti Consing ta buge masa hannu. Ita kuma ta ciro ƙullin alewa mai tsami da gishiri daga rigar mama. "Ga shi, 'yar uwa. Likita ya hana ki. Yanzu ki sha har haƙori ya mutu."

Anti Momi ta buɗe jakarta ta zaro ludayi. Na san ludayin nan, na miyar ran Lahadi ne. Anti Chiyoko ta sha gaya mini nata ne, ta kawo shi da miya tun ana yankan rake, Momi ta ce na coci ne ta ƙi mayarwa.

"Karɓi abinki," Anti Momi ta ce wa akwatin. "Dama na san naki ne. Amma da kina da rai wallahi ba za ki gan shi ba."

Munafukai! Yanzu yanzu suka kunyata ɗan mutane da doka, wai kowa iri ɗaya, ga su suna loda wa gawa karta da ludayi. Haushi ya cika ni har na manta tsoro nake ji.

Suka ciro mayafin daga wani akwatin ajiya da ke gefe suka fara warwarewa. Kowa ya kama kusurwarsa, ta huɗu ta yi ƙasa. Kawu Walter ya miƙa hannu zai haɗa biyu, kafaɗarsa ta ƙi. Ƙasan zauren kuwa duk sawun taɓo ne.

"Ƙasa! Walter, kada ya taɓa ƙasa!"

"Me?"

"Ɗaga, kurman banza!"

Ban san na motsa ba sai da ledar hannuna ta yi ƙara. Su uku suka juyo.

"'Yar nan!" Anti Momi ta zaro ido. "Me kike yi a nan? Baƙi suna ciki."

Sai na zaro siket ɗin daga leda na sake shi. A cikin zauren nan mai duhu furanninsa suka yi kamar an kunna wuta.

"Yesu!" Anti Consing ta dafe ƙirji. "Wannan ai sai ya tashe ta."

"Ta ce in sa mata," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji.

"Me ta ce?" in ji Kawu Walter.

"Chiyoko ce ta ce ki sa mata wannan?" Anti Momi ta tambaya. Na gyaɗa kai. Ta kalli akwatin, idonta ya yi ja. "Tsohuwar banza. Ko ta mutu ba za ta bar mutum ya huta ba." Ta ja hanci, ta juyo gare ni, fuskarta ta koma irin ta ɗazu a matattakala. "Ba a yi. Mai riƙe da kusurwa shi ke sa abu a ƙarƙashi, haka muka tarar. Baƙo ko gani bai kamata ya yi ba."

Na tsaya da siket a hannu. Ban tafi ba, ban kuma iya roƙo ba. Hannun Kawu Walter yana karkarwa da nauyin mayafi, kusurwa ta huɗu tana lilo saman taɓo.

Anti Momi ta kalli kusurwar, ta kalle ni. "An yi miki baftisma?"

Na gyaɗa kai.

"A cocin su waye?" in ji Anti Consing.

"Ruwa dai ruwa ne, Consing, rufe mini baki." Ta matso kusa da ni har ina jin ƙamshin furen kunnenta. "Kusurwar Chiyoko ba kowa. Amma ki ji da kyau, ba aron hannu nake nema ba. Wanda ya kama ya kama ke nan. Wanki, guga, duk wanda ya mutu, ana ruwa ana rana, kina nan. Ba a saki sai ranar da aka shimfiɗa miki shi. Glenn ya ce wai Oregon za ki."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar ciki. Muryar Fada ce, a hankali kamar mai neman gafara. "Momi, mutane suna jira."

"Su jira! Ita ba sauri take yi ba."

Na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Kurma mai gashin hanci. Guntuwa mai haƙoran roba da ta ce mun cika asibiti. Ƙatuwar da ta yi shekara tana rataya mini zare kamar akuyar da za a kai kasuwa. Waɗannan ne zan zauna da su, in binne su ɗaya bayan ɗaya, in ci taliya mai manne wa cokali har ƙarshen rayuwata. A Oregon kuwa Sinfo ta gyara mini katifa, ran Lahadi mata suna waƙa yadda ya kamata. Sai na kalli akwatin. Katako ne mai sheƙi, da karta, da alewa, da ludayi. Ba tufa. Haka na mahaifiyata zai kasance da wata ba ta taimaka ba.

Abin da ya fito daga bakina ba shi na shirya ba, kuma da ƙarfi ya fito.

"Ku ukun nan ko shimfiɗa shi ba ku iya ba. Ranar Kawu Abel a karkace gicciyen ya shiga, kowa ya gani."

Sai Kawu Walter ya fashe da dariya. "Wannan kam na ji!"

"Ji mini 'yar banza!" Anti Consing ta riƙe haɓa. "Ashe tana magana!"

"Tana yi mana," in ji Anti Momi. "Ba ita ce ta ce na yi kama da firji ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kullum sai Chiyoko ta kira mu a waya ta karanta mana. Ni firji, Consing taliya, Walter hanci. Muna ta jira mu ga ranar da za ki faɗa a gabanmu." Ta nuna wuyana da baki. "Cire wannan abin. In mun shiga ki ba matar Glenn, ita ba ta samu ba. Yi sauri, hannun tsohon nan zai tsinke."

Na cire zaren na cusa a leda. Na shimfiɗa siket ɗin mahaifiyata a kan akwatin, ya rufe karta da alewa da ludayi, na gyara bakinsa ya sauko daidai ta kowane gefe. A zuciyata na gaya wa Anti Chiyoko abin da ake faɗa a gidanmu, da harshenmu, na kuma ƙara mata da zagi ɗaya don abin da ta yi mini. Sannan na kama kusurwa ta huɗu. Mayafin ya fi yadda na zata nauyi. A daidai inda yatsana ya sauka zaren ya sulɓe, ya yi laushi, wurin babban yatsan Anti Chiyoko ne.

"Ja ta wajenki," Anti Momi ta ce. "Ba haka ba! Ke da kika iya."

Gicciyen ya zauna a tsakiya sak. Aka buɗe ƙofa.

Na bi akwatin a gefen kusurwata, ido duk a kaina. Waƙar da aka yi mata ita ce mafi muni da na taɓa ji, don baƙin ma ba su iya ba. Fada ya yi wa'azi ya ce marigayiya mace ce mai sanyin hali. Na ji Anti Consing ta shaƙe da dariya ta mayar da ita tari.

Da aka gama aka fito da akwatin matattakala, rana ta buɗe, jama'a sun kewaye. Muka ɗaga mayafin mu huɗu. Ashe a da a ɓoye suke kwashe 'yan kayansu su jefa a rami tare da ƙasa. Yau siket ɗina ya rufa musu asiri, amma shi ba abin da ya rufa masa. Ja da kore da ruwan lemo, a tsakiyar mutane masu baƙaƙen kaya. Wata mata ta ce "Kai!" a fili.

Glenn ya matso. "Wannan mene ne? Ai na ce..." Ya juyo yana nemana da ido.

Anti Momi ta shiga tsakaninmu, mayafin a hannunta. "Na coci ne."

"Na coci? Tun yaushe?"

"Tun ɗazu. Je ka ɗauko furenka ka ɗora, nan waje ne, ikonka ne. Amma kada ka kuskura ka taɓa na ƙasa."

Ya kalli fuskarta, ya juya. Ya je ya ɗauko furensa daga bakin famfo, gindin ya jiƙe da taɓo. Duk girmansa bai rufe siket ɗin ba, bakinsa yana reto ta kowane gefe. Haka aka ɗauke ta zuwa bayan coci, haka aka saukar da ita kusa da mijinta. Na tsaya har ƙasa ta rufe jan furen ƙarshe.

Ban samu na yi kuka ba, don Anti Consing ta ja ni ɗakin baya mu ninke mayafi. Sau uku tana sa ni in warware. Daga nan ta tura ni kicin, ga faranti sun kai rufi. "Me kike kallo? Da hannu ake wankewa, ba da ido ba." Ba wanda ya ce in zauna. Ko abinci sai da kowa ya gama na samu, ragowar taliya.

Na kira Sinfo na ce mata ba zan zo ba. Ta ce na haukace. Ban yi mata musu ba. Yanzu a gidan Kawu Walter nake aiki, sai na yi ihu yake ji, muryata har ta buɗe.

Lahadin da ta biyo baya muka koma yadda muke, kowa a bencin kakarsa, ni a na Anti Chiyoko. Da aka kusa tashi Anti Momi ta miƙe da kwandonta, ta saƙo sababbi. "Yau muna da baƙi?" Kowa ya waiga. Ni ma na waiga. Ba kowa sai wata kaza a bakin ƙofa.

A ɗakin baya aka sauke tukunyar miya, aka jeru da kwanuka, sai aka tsaya ana kallon juna. Anti Consing ta buɗe wannan aljihu ta rufe, ta buɗe wancan.

"Momi, ina ludayi?"

Ludayi ɗaya ne tak a cocin, kuma sun binne shi.

"Sai a saya," in ji Kawu Walter.

"Wa zai saya? Wanda ya binne ya saya."

"Ai ba ni kaɗai na binne ba, kina tsaye!"

Har yau suna wannan rigimar, ba wanda ya saya. Mutanen da suka ga jikoki, sun kasa sayen ludayi. Anti Momi ta juyo ta daka mini tsawa, "Rosenta! Kin tsaya kamar gunki, nemo kofi ki zuba wa mutane!"

Da kofi nake raba miya har yanzu. In an zo kan Anti Consing, ruwan sama-sama nake zuba mata.